Matar da Ke Gefen Hoto

"Gwaggo Luba, wai da gaske Fadima ce ta haife ni?"

Uwaisu ne ya yi tambayar, yana zaune a kan turmin da aka kife masa a tsakar gida, ƙafafunsa na lilo ba su kai ƙasa ba. Bai cika shekara huɗu ba. Luba tana durƙushe a gabansa da kyamarar da ta aro daga sashensu a jami'a, ido ɗaya a rufe, tana jira ya ɗago kai hasken hantsi ya sauka a goshinsa. Sai ta sauke kyamarar.

Inna Barira, mahaifiyar Luba kuma kakar yaron, ta tuntsire da dariya daga bakin murhu inda take toya ƙuli-ƙuli. Ta ce ina ya samo wannan zance, ai a kasuwar Ɗanbatta ta samo shi, ranar da ta je sayen gishiri aka ba ta shi gyara.

"Kai dai mijina ne, marowaci," in ji ta. "Ko sabulu ba ka taɓa saya mini ba."

Yaron ya washe baki, Luba ta danna. Wannan shi ne hoto na farko.

A ƙofar ɗakin da ke kusa da rumbu, Fadima matar Badaru, yayan Luba, tana tankaɗe da jaririya goye a bayanta. Ba ta ɗago ba. Rariyar ce kawai ta tsaya a hannunta ɗan lokaci, sannan ta ci gaba da kaɗawa.

Uwaisu ɗanta ne na fari. A ƙauyen nan da ke tsakanin Makoda da Ɗanbatta, mace mai tarbiyya ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta ɗaukarsa a gaban surukai, ba ta nuna ta san da zamansa. Tun ranar da aka yaye shi aka kai shi ɗakin Inna, can yake kwana can yake ci. In Fadima za ta ambace shi sai ta ce "yaron Inna." Shi kuma yana ce mata Fadima, yadda ya ji kowa na faɗi. Mutanen gari na yabonta, suna cewa Badaru ya auro 'yar mutunci, kunya kamar ta mutanen da.

Abin da ya kawo kyamara gidan kuwa aikin makaranta ne. Malam Sama'ilu, mai koya musu ɗaukar hoton mutane, ya ce kowane ɗalibi ya zaɓi fuska ɗaya ya bi ta har ƙarshen zango, a wanke hotunan a rataye a zauren sashe. Ya ce fuska ba ta faɗin gaskiya a zama ɗaya, sai an yi ta komawa. Wasu suka zaɓi marina, wasu mahauta, wata ta zaɓi tsohuwa mai sayar da awara a ƙofar makaranta. Luba ta zaɓi ɗan yayanta, don gida ba nisa, mota ɗaya ce daga Kano, kuma yaron ba ya tsoron kyamara. Har ta raɗa wa aikin suna a ranta: Jikan Inna.

Shekarar kuwa ta zo da nauyi. Hatsi ya yi tsadar da tsofaffi ke cewa ba su taɓa gani ba, rumbu ya fara amsa amo tun kafin hadari ya taso. Badaru ya sayar da waken da aka ajiye ya sayi taki. Gidan da aka saba tuwo safe da dare ya koma sau ɗaya, shi ma kaurinsa na masu gona ne, don su ke riƙe fartanya. Gyaɗar da Inna ke sarrafawa ta sana'a ce, mai da ƙuli duk kasuwa suke tafiya, sai dai ƙamshinsu ya rage a tsakar gida. Uwaisu kuwa abin da Inna ta sha shi yake sha: kunun tsamiya da safe, kunun tsamiya da rana. In an kawo tuwo da miyar kuka, yaji ya hana shi, ya lashi yatsa biyu ya ture kwano. Inna ta ce ƙyale shi, yaro in ya ji yunwa da kansa zai nema.

Da Luba ta dawo zuwa na biyu, an fara shuka. Ta tarar da shi a inuwar rumbu, bai rugo ya rungume ta ba kamar yadda ya saba. Da ta ɗora shi a kan turmin sai ta ga gashinsa ya yi laushi ya soma ja, kamar gashin masara. Rana ta bi ta bayansa ta haska gashin, ya yi kyau a cikin kyamara ƙwarai, har ta matsa gefe don ta kama hasken sosai. Ta tambayi Inna ko lalle aka shafa masa, Inna ta ce rana ce ta ƙona shi, yawon banza ya yi masa yawa.

A wannan zuwan ne aka yi maganar ƙwai. Da hantsi Inna ta shiga maƙwabta barka, tana dawowa Uwaisu ya tare ta da gwaiduwa a gefen baki, yana murna, ya ce Fadima ta ba shi ƙwai a bayan rumbu, ta ce kada ya faɗa.

Inna ta ajiye mayafinta a hankali. Ba ta ɗaga murya da farko ba. Ta ce laifi biyu aka yi mata a rana ɗaya. Na farko, duk wanda aka haifa a garin nan ya san ba a ba yaro ƙwai, ɓarawo yake zama, yau ya saba da na kaza gobe ya bi akurkin mutane. Na biyu kuma shi ya fi ciwo. Ashe matar da ake yabo a gari ta fara lallaɓa ɗan fari a ɓoye, ashe ana ganin kakarsa ba ta iya riƙo ba. Daga nan muryar ta hau, har matan maƙwabta suka leƙo ta katangar zana.

Fadima ta durƙusa, kanta a ƙasa, ba ta ce komai ba sai "Ki yi haƙuri, Inna."

Washegari a bakin rijiya mata suka mai da ita abin wasa. Wannan ta ce ga uwar Uwaisu nan, a ba ta guga ta riga kowa, ɗanta na jira. Waccan ta ce gobe ma sai a goya shi a je kasuwa da shi a nuna wa duniya. Dariya suke yi, ba da mugunta ba, amma Fadima ta dawo da tulu rabi. Badaru ma da ya dawo gona ya ji labari, ya shiga ɗaki ya ce mata kada ta ƙara ja masa magana, shi ma da yake uba ba ya shiga harkar yaron, balle ita. Luba na jin su. Ta ɗauka irin faɗan gida ne da ke wucewa, ta tattara kyamararta ta koma Kano.

Zuwa na uku damina ta zauna, gero ya kai gwiwa. Inna ce ta tare ta da albishir tun daga zaure, ta ce zo ki ga mijina ya yi kumatu, masu cewa ban iya kiwo ba sai su zo su gani. Gaskiya ne fuskar ta cika, har idanun sun shige ciki. Ƙafafun ma sun cika, suna sheƙi. Sai dai da Luba ta ɗaga shi za ta ɗora a kan turmi, ta ji hannuwansa daga kafaɗa kamar karan dawa. Ta ce ya yi dariya, bai yi ba. Ta yi masa kukan akuya, wanda da yake sa shi faɗuwa don dariya, ya dube ta kawai, irin kallon tsohon da ya gaji da surutun yara. Ta danna.

Da yamma tana wanke-wanke a bayan madafa, Fadima ta zo ta tsuguna kusa da ita kamar mai neman soso. Ba ta dube ta ba. Da murya ƙasa-ƙasa ta ce, "'Yar boko, in kin samu sarari ki duba ƙafar yaron Inna. In an danna, gurbin yatsa ba ya tashi."

Luba ta tambaye ta ta yaya ta sani. Fadima ta ɗauki soson ta miƙe, ta ce in Inna ta zaga bayan gida ne take lallaɓawa ta danna.

Luba ta je ta danna. Yatsanta ya shiga kamar a cikin ƙullun ƙuli, ya bar rami, ramin ya tsaya. Ta sami Inna ta ce a kai shi asibiti a duba. Inna ta ce ita ta haifi bakwai ta raini bakwai, har da wadda ke tsaye tana koya mata raino yanzu, babu wanda aka kai wa likita don ya yi ƙiba. In ma wani abu ne, to ciwon shawara ne, kuma ga jiƙo nan a kasko tana ba shi safe da yamma. Luba ta bi Badaru har gona. Ya jingina da fartanya ya saurare ta, ya share gumi, ya ce ba wai bai gani ba ne.

"Amma yaron Inna ne, Luba. In na ɗauke shi daga ɗakinta na kai asibiti, kamar na tara gari na ce ta gaza ke nan. Bari a gama noman maimai, sai in san yadda zan lallaɓa ta."

Ta ce Yaya, maimai ai da saura. Ya ce Allah ke rayawa, ba likita ba, ya sunkuya ya ci gaba da noma.

Jarrabawa na jiranta a makaranta. A mota ta yi ta gaya wa kanta cewa Inna ta fi ta sanin yara, kuma ai yana sha, yana tafiya. Da aka haska hotonsa na ukun a bangon aji, 'yan ajin suka fara yabo. Malam Sama'ilu ya ce idanun nan sun isa su tsayar da mutum a hanya, ya tambaye ta yaya ta yi ta hana yaro ƙarami dariya haka. Ta ce haka ya zauna da kansa. Ya ce ta ci gaba, aikinta na cikin waɗanda suka fi. Ranar ta yi farin ciki, kuma wannan farin cikin shi ya fi damunta daga baya.

Zuwa na huɗu ba ta daɗe ba, kwana ɗaya ta yi. An kira wanzami ya yi wa yaron tsaga a ƙafafu da ciki don a fitar da mugun ruwa. Tsagar ba ta kame ba, tana tsatsafo da ruwa, ƙudaje na bi. Fatar cinyarsa ta fara saluɓewa kamar bangon da ruwa ya daka. Ba ya iya zama a kan turmi, sai Inna ta zauna ta jingina shi a ƙirjinta tana yi masa kirari, tana cewa maigida ka tashi mana, wa zai yi mini cefane. Inna na son yaron, wannan ba wanda zai musa. Ta sayar da zakaranta ta biya wanzamin, ta karɓo rubutu, ta hana kanta barci tana yi masa fifita. Abu ɗaya ne ba za ta yi ba, shi ne ta yarda wani ya ce riƙonta ya kasa. Luba ta sake maganar asibiti, Inna ta ce a bar magani ya yi aiki, ba a haɗa na wanzami da na Bature. Luba ta ɗauki hoton kaka da jika, ta tafi.

Da lokacin wanke hotuna ya yi, ta kai su wani shago a cikin birni. Ita a kwamfuta ta saba yanke gefe-gefen kowane hoto, ta bar fuskar yaron kaɗai a tsakiya. Mai shagon bai gane bayaninta ba, ya wanko su ɗungurungum yadda kyamara ta ɗauka. Ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ya jera su a kan tebur, na farko har na ƙarshe, don ta duba launi.

Ba ta taɓa ganinsu a jere ba. Ɗaya bayan ɗaya take kallonsu, kowanne da ranarsa, kowanne tana duba haske da inuwa. Yanzu da suka kwanta kafaɗa da kafaɗa, sai ta ga yaro mai dariya a wannan gefe, a wancan gefen kuma wani abu mai kumburarriyar fuska da jan gashi wanda aka jingina kamar kayan wanki. Tsakaninsu kuwa hanya ce miƙaƙƙiya, ko makaho ya shafa zai san inda ta nufa.

Sannan ta ga abin da take yankewa. A gefen hoto na farko akwai mace da rariya, kanta a sunkuye, amma idonta na kan turmi. A na biyu gefen zani ne da rabin fuska a bayan rumbu. A na uku tana ɗauke da tulu, ta juyo, bakinta a buɗe kaɗan kamar za ta kira wani suna. A na ƙarshe hannu ne kawai ya shigo, riƙe da bakin ƙofa, jijiyoyinsa sun tashi. Babu hoto ɗaya da Fadima ba ta ciki. Duk tsawon watannin nan tana tsaye a inda aka yarda ta tsaya, tana kallon ɗanta yana tafiya.

Luba ba ta koma makaranta ba. Daga shagon ta wuce tasha.

Ta isa gida rana ta take. Ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta jera hotunan yadda mai shago ya jera, ta ce Inna ta zo ta gani. Inna ta fito ta tsaya a kansu, ta daɗe tana kallo, har leɓenta ya fara rawa. Luba ta ɗauka an gama. Sai Inna ta nuna jakar kyamara da yatsa ta ce ga abin da ya cinye mata jika nan. Yaro lafiyarsa ƙalau aka fara ɗora shi a turmi ana haska shi, ana kai fuskarsa birni kowane mai baki na yabawa, ba mai cewa tubarkalla. Ai ga shaida nan a tabarma, duk hoton da aka ɗauka sai ya ragu. Baki ne ya kama shi, kuma 'yar cikinta ce ta jawo.

Luba ta tsaya kamar an dasa ta. Ba ta ji tahowar Fadima ba, sai ganinta ta yi a bakin tabarma. Fadima ta durƙusa ta ɗauki hoto na farko, mai dariyar, ta riƙe shi da hannu biyu. Ta dube shi, ta dubi na ƙarshe.

"Uwaisu," in ji ta.

Tunda aka raɗa masa suna ba a taɓa jin sa a bakinta ba. Har kajin da ke tsakar gida kamar sun yi tsit. Ta kwance goyonta ta miƙa wa Luba jaririyar, ta shiga ɗakin surukarta, ɗakin da ba ta taɓa wuce bakin ƙofarsa ba sai da sallama da durƙuso, ta fito da yaron a bayanta tana ɗaure zani. Ƙafafunsa masu tsaga na reto a kwankwasonta.

Inna ta tare hanya, ta ce in ta fita da shi haka tsakar rana a goye, me za ta ce wa mutanen gari. Fadima ta ce, "Ki ce musu ba ni da kunya, Inna." Ta raɓa ta gefenta ta wuce.

A zaure suka yi karo da Badaru ya dawo daga gona. Ya dubi matarsa, ya dubi abin da ke bayanta, ya dubi mahaifiyarsa da ke kiran sunansa daga ciki. Ya daɗe a tsaye, fartanya a kafaɗa. Sai ya jingina ta da bango, ya je ya aro babur. Luba ta bi bayansu da jaririyar, jakar kyamara a kafaɗa.

A asibitin, ma'aikaciyar jinya ta danna ƙafar yaron, ta buɗe idonsa, ta ce tamowa ce, kuma ta yi nisa. Ta ce wannan kumburin ba ƙiba ba ne, jiki ne ya rasa abin gina kansa. Ba ta yi musu faɗa ba, da alama ta gaji da yi. Ta ɗago ta tambaya wace ce mahaifiyarsa a cikinsu. Fadima ta buɗe baki, tsohon sabo ya riƙe mata harshe, har ta juya za ta dubi Luba. Sannan ta ce, "Ni ce."

Aka ba su gado a ɗakin da ke cike da yara irinsa. Shi ya wuce a ba shi abinci ta baki, sai madara ta siririn tiyo a hanci. Yaran da suka fara farfaɗowa kuwa ana ba iyayensu wani abu a 'yar leda suna matsa musu a baki. Fadima ta ji ƙamshin tun kafin ta tambaya. Matar gadon kusa ta miƙo mata ta shinshina. Gyaɗa ce aka niƙa da madara. Ƙamshin da ke tashi a tsakar gidansu kowane mako, wanda yaron ke zama kusa da kasko yana shaƙa, ana kora shi kada mai ya fallatsar masa. Ta mayar wa matar ledarta, ta zauna a bakin gado ta riƙe ƙafar ɗanta har la'asar.

Washegari da hantsi ya buɗe ido sosai, har suka yi zaton sauƙi ne. Ya daɗe yana kallon fuskar da ke sunkuye a kansa.

"Fadima, ke ce kika haife ni?"

"Ni ce."

"Inna ta ce a kasuwa."

"Wasa take yi maka. Ni ce na haife ka, Uwaisu."

Sai ya juya ido wajen Luba, ya ce Gwaggo ba ta ɗauke shi hoto ba yau. Luba ta ce ta bar kyamara a jaka. Fadima ta ce ta ɗauko. Ta tallafo shi ta ɗora a cinyarta, ta kwantar da kansa a ƙirjinta, ta dubi kyamara kai tsaye. Luba ta danna, hoton bai fita sosai ba. Shi kaɗai ne hoton da uwar take tsakiya.

Bai kai Juma'a ba. Da safe ya cika, a cinyarta.

Gida ya cika da 'yan gaisuwa, kuma ɗakin Inna suka nufa, don ita ce mai rashi. Inna ta yi kuka har muryarta ta dishe, kukan gaske, tana cewa mijinta ya tafi ya bar ta, mata na ba ta haƙuri suna cewa kwanansa ne ya ƙare, ta yi iyakar ƙoƙarinta, kowa shaida ne. Wata ta ce da ma an bar shi a gida da maganin wanzami, asibitin nan in an kai yaro ba ya dawowa. Fadima kuwa tana madafa tana dama wa baƙi kunu. Da hawaye ya zubo mata, wata dattijuwa ta dafa ta ta raɗa mata cewa ta daure, ba a yi wa ɗan fari kuka a gaban mutane, abin da ta yi ranar nan ma ya isa. Ta share da bakin zani ta ci gaba da damu.

Luba ta rataye hotunan a zauren sashe ba tare da ta yanke komai ba. Ta cire sunan da ta raɗa wa aikin, ta bar wurin fari. Mutane suka yi ta tsayawa a gabansu. Malam Sama'ilu ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya dawo farko, sannan ya nuna gefen hoton ya tambaye ta wace ce wannan matar. Ta ce mahaifiyarsa ce. Ya tambayi yaron fa. Ta gaya masa. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu, bai ƙara yabon haske ba.

Ta ci jarrabawar, amma har yau in ta ɗaga kyamara ba ta fara duba fuskar da ke tsakiya. Gefe take dubawa, ta ga wa ke tsaye a can ya yi shiru. In ta je gida ba ta iya kallon turmin nan in an kife shi. Wani lokaci da hantsi, in rana ta faɗo ta kan zana daidai wurin, sai ta ga kamar ƙafafu biyu na lilo ba su kai ƙasa ba.

Hoton asibitin bai shiga zauren ba. Luba ta kai wa Fadima shi. Ta zaci za ta tura shi ƙarƙashin akwati, sai ta ga ta nemo ƙusa ta kafa shi a bangon ɗakinta, daidai inda duk mai leƙowa zai gani. Mata sun yi magana, sun gaji sun bari. Da kaka ta yi, jaririyar ta fara tafiya, Inna ta aiko a gaya wa Fadima cewa in lokacin yaye ya yi a kawo mata yarinyar ta ɗebe mata kewa, ɗakin ya yi mata faɗi. Fadima ta je da kanta, ta durƙusa yadda ta saba, ta gaishe ta. Ta ce yarinyar za ta riƙa zuwa wuni, amma ci da kwana a ɗakin uwarta. Ta faɗa tana kallon fuskar Inna. Inna ta juya kai ga bango.

Ke da kike karanta wannan da ɗa a ɗakin kaka, da kai da ka ce ba ka shiga tsakanin mahaifiyarka da jikanta, ku tashi yau ku je ku danna ƙafar yaron nan da yatsa. Ku dubi gashinsa, ku dubi abin da ke cikin kwanonsa, ba abin da aka ce ya ci ba. In gurbin yatsa ya tsaya, kada ku jira a gama noma, kada ku jira ran kowa ya yi sanyi, ku goya shi ku fita ko gari duka na kallo. Masu yi muku dariya a bakin rijiya za su zo gaisuwa, su sha kunu, su koma gidajensu wurin 'ya'yansu. Kunya ba ta taɓa ciyar da yaro ba, kuma ranar da aka ɗauke shi a tabarma, ku za a bari da sunan da kuka ƙi kira yana da rai.